Murhu Mai Duwatsu Uku: Sharhi Kan Nazarin Alaƙar Ruwa, Makamashi da Abinci

Tun bayan taron da gwamnatin Jamus ta kira a birnin Bon a watan Nuwamban 2011, masu bincike kan ci gaba mai ɗorewa suka rungumi wani ra'ayi guda: ruwa da makamashi da abinci tamkar duwatsun murhu ne, in ɗaya ya goce tukunya ta kife. Takardar share fage da Holger Hoff ya rubuta wa taron ita ce ginshiƙin ɗimbin rubuce-rubucen da suka biyo baya. Manufata a nan ita ce in auna wannan ra'ayi, in nuna inda ya yi rawar gani da kuma inda ya yi gum.

Adalci ne in fara da yabo. Kafin wannan nazari ya yaɗu, ma'aikatar ruwa da ta noma da ta wutar lantarki kowacce harkar gabanta take yi, alhali noma kaɗai na shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba a duniya. A jihar Punjab ta Indiya, wutar lantarki ta kyauta da aka ba manoma ta sa aka yi ta zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa har rijiyoyi suka yi ta ƙara zurfi. Mu ma nan gida mun ga haka bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023: kuɗin tayar da injin ban ruwa ya haura, mai noman rani ya shiga matsi. Nazarin da ke iya hango irin wannan sarƙaƙiya ya cancanci jinjina.

Sai dai ɗalibin adabi ya san cewa abin da matani ya yi shiru a kansa yakan kai abin da ya furta nauyi. Kalmomin da suka mamaye waɗannan rubuce-rubuce su ne inganci da daidaito da cin moriyar juna. In ka juya jimlolinsu zuwa Hausa, galibi da "an" da "za a" suke fita: an karkatar da ruwa, za a ƙara yawan amfanin gona. Wa ya karkatar? Gonar wa ta bushe? Jimlar ba ta da mai aikatawa, don haka babu wanda za a tuhuma.

Kogin Kano ya isa misali. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, domin noman rani da samar wa birnin Kano ruwan sha. A ƙasan kogin kuwa akwai fadamun Haɗeja da Nguru, inda ambaliyar shekara-shekara ke ciyar da mai noman shinkafa, ta cika komar masunci, ta bar wa makiyayi ɗanyar ciyawa in ta janye. Da madatsun suka sauya tafiyar ruwan, ambaliya ta ragu a wasu wurare, kacala kuma ta toshe magudanai a wasu. A 1998 Edward Barbier da Julian Thompson suka nuna cewa ribar manyan ayyukan ban ruwa na sama ba ta kai asarar da ake jawo wa fadamun ba. Wato shekaru 13 kafin taron Bon an riga an san lissafin. Abin da mutanen fadama suka rasa shi ne murya a wurin da ake yanke hukunci.

Bakolori ta fi wannan ɗaci. Bayan gina madatsar a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, manoman da suka rasa gonakinsu sun tashi neman diyya, a watan Afrilun 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka suka salwanta. Zanen kusurwa uku da ke ƙawata rahotannin masana ba shi da gurbin da za a rubuta wannan rana.

Hukuncina shi ne, nazarin ya iya ƙidaya, amma bai iya tambaya ba. Ya kamata duk binciken da ya auna ruwa da wuta da hatsi ya ambaci sunan hukumar da ke riƙe da mabuɗin madatsa, ya lissafa ƙauyukan da ke ƙasan kogi, ya kuma ji ta bakin mazaunansu kafin ya kai ga shawara. Duwatsun murhu uku ne, babu gardama. Amma muddin masana ba su faɗi wanda ke kwasar tuwon da wanda ke kwana da yunwa ba, aikinsu da sauran rina a kaba.