Kibiyar Da Ke Kan Allo Tana Ɓoye Wa Ɗalibai Gaskiya

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare, a Ikara ne ko Maƙarfi ko Kudan, ya san zanen nan: jadawalin sinadarai ɗauke da kibiyoyi biyu. Ɗaya ta miƙe daga hagu zuwa dama, tana nuna cewa ƙarfin da ake bukata kafin a fizge ilektiron ɗaya daga ƙwayar zarra yana ƙaruwa. Ɗayar ta gangara ƙasa, wato ƙarfin yana raguwa. A haddace, a shiga WAEC ko NECO, shi ke nan.

Ba na cewa zanen ƙarya ne. Idan ka tashi daga sodiyam, mai kilojul 496 a kowane mol, ka nufi argon mai 1521, lallai hawa aka yi, domin firoton na ƙaruwa a tsakiyar ƙwayar, suna ƙara riƙe ilektiron gam. Ta ƙasa ma haka: fotasiyam 419 ne, bai kai sodiyam ba, saboda ilektiron ɗinsa na waje ya yi nisa da tsakiya. Ƙorafina shi ne kibiyar farko ta miƙe sumul, alhali hanyar tana da ramuka, kuma a cikin ramukan nan darasin yake.

Ku dubi buhun takin zamani da manomin rake a Maƙarfi ko mai tumatir a Ikara ke ɗaukowa daga kasuwa: NPK. Biyu daga cikin haruffan nan uku suna daidai wurin da kibiyar ta karye. Naitirojin 1402 ne, oksijin da ke damansa kuwa 1314. Fosfaras 1012, farar wuta da ke biye da shi 1000. An ƙara firoton, amma ƙarfin ya sauka. To, ina kibiya?

Amsar tana cikin yadda ilektiron ke zama. Rukunin da ake kira p yana da ɗakuna uku, kowanne na ɗaukar biyu. Bisa ƙa'idar Hund, kowa ɗakinsa yake fara kamawa. Naitirojin na da uku a 2p, kowa da ɗakinsa, ba hayaniya. Oksijin na da huɗu, dole na huɗun ya shiga wa wani, ga shi cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna kamar kishiyoyin da aka haɗa ɗaki guda. Wanda zama bai yi wa daɗi ba ai fitar da shi ba ya wuya. Labarin fosfaras da farar wuta ke nan a 3p.

A nan ma ina da ja da wasu takardun bita. Sai su rubuta cewa rukunin da ya cika rabi "yana da kwanciyar hankali", su wuce. Ɗalibi ya sake samun wata jimlar haddacewa, bai san dalili ba. Turereniyar nan ita ce abin da ya kamata a nuna masa.

Akwai wani ramin kuma: magnisiyam 738, alminiyam 578. Shi dalilinsa daban ne, ilektiron na ƙarshe a alminiyam ya fita daga 3s ya koma 3p, inda riƙon ya fi sassauci.

Abin da ya fi ba ni takaici, waɗannan ramukan suna cikin hujjojin da ke nuna cewa rukunan s da p gaskiya ne. Mendeleev ya tsara jadawalinsa a 1869, tun kafin Thomson ya gano ilektiron a 1897, ya ga tsari bai san sanadinsa ba. Mu da muka san sanadin, sai mu share shi don zane ya yi kyau. Yarinyar da ke burin karatun aikin lafiya a kwalejin Shehu Idris ta Maƙarfi, ranar da aka tambaye ta me ya sa naitirojin ya fi oksijin, kibiya ba za ta cece ta ba.

Gyaran bai bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Malam ya rubuta lambobi takwas a allo, 496, 738, 578, 787, 1012, 1000, 1251, 1521, ya ce ɗalibai su zana su da kansu, sannan su nemo masa wurare biyun da layin ya faɗo.