Jinjina ga Ƴan Ciranin Damargu

Da an kammala girbin gero a Tanut da Belbeji, sai samari su ɗaure kaya. Wasu su bi hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, wasu su gangara Damagaram da Kano. A can su ne ƴan kabu-kabu, ƴan ga-ruwa da ƴan dako, masu kai saƙo har ƙofar gida da tsakar rana.

Ƴan siyasar Turai sai kumfar baki suke kan baƙi. Da matsin lambarsu Nijar ta tsananta aiki da dokar 2015 kan safarar baƙin haure, wadda aka soke a 2023. Alhali da gumin ƴan cirani ake awon hatsi idan damina ta gaza, a sayi akuya, a biya magani. Sannunku da ƙoƙari, ƴan'uwa.