Hannun da Ya Tona Fuskar Mutumin Tanna a Kan Jan Ƙarfe

Daga nesa, idan aka rataye shi a bango, sai ka ɗauka hoto ne da aka shafa da baƙin fenti: wani mutum mai gemu, gashinsa a rarrabe sili-sili kamar igiyoyi, kunnensa da zobba. Amma matso kusa har numfashinka ya taɓa gilashin. Babu shafe ko ɗaya. Layuka ne zalla, sirara kamar gashin ido, dubbai, wasu sun gitta wasu, tsakaninsu kuma ɗige-ɗige. Da su kaɗai aka fitar da duhun fata, da ƙyallin goshi, da inuwar da ke ƙarƙashin leɓe.

Mutumin ɗan tsibirin Tanna ne, a ƙasar da yau ake kira Vanuatu. A 1774 jirgin Kyaftin James Cook, mai suna Resolution, ya yada zango a can, cikin tafiyarsa ta biyu a tekun Fasifik. Mai zanen jirgin, William Hodges, shi ya zauna gaban mutumin ya ɗauki kamanninsa da jan alli. Sai dai wanda ya sa fuskar ta zaga duniya bai taɓa taka Tanna ba. James Basire ne, ma'aikacin zane a kan ƙarfe a Landan, kuma aikinsa ya fito cikin littafin tafiyar da aka buga a 1777. A lokacin ma ba a raɗa wa yankin sunan Melanesiya ba. Sai a 1832 Bafaranshe Dumont d'Urville ya yaɗa sunan, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin baƙi da tsibiri.

Aikin ne ke ba ni mamaki. Ana goge farantin jan ƙarfe har ya yi sheƙi kamar madubi, a ɗora shi kan ɗan matashin fata cike da yashi. Kayan aikin ɗan ƙarfe ne mai kaifin baki, da ƙotar katako da ke zama cikin tafin hannu. Tura shi ake yi gaba, yana tona hanya, siririn zaren ƙarfe yana nannaɗowa a bakinsa. Idan layi zai lanƙwasa, hannun dama ba ya juyawa. Hannun hagu ne ke juya farantin a kan matashin. Danna kaɗan, layi ya yi zurfi ya fito baƙi ƙirin. Sassauta, ya sirance har ya ɓace. Kuma komai a juye ake tona shi, dama ta koma hagu, domin takarda za ta sake juya shi. Idan hannu ya zame, babu abin sharewa: sai a kankare wurin, a bubbugo farantin ta baya, a goge, a sake.

To ka dubi gashin mutumin nan. A wancan zamani mazan Tanna suna raba gashinsu ƙananan tufka masu yawan gaske, su naɗe kowace da ɓawon wani tsiro har kusa da ƙarshenta. Basire ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata haske da inuwa. Wannan haƙuri ne da ba a koyonsa a wata ɗaya. A zamanin Basire shekara bakwai yaro ke yi a hannun maigida, kuma a daidai wannan lokacin ne William Blake, wanda daga baya ya shahara, yake koyo a shagon Basire, daga 1772 zuwa 1779.

Bayan tono sai bugu. A cusa tawada mai kauri cikin layukan, a share saman da ƙyalle, a ƙarasa da tafin hannu da aka shafa wa alli, a shimfiɗa takarda mai danshi, a matse tsakanin manyan gungumomi biyu. Takardar ce ke shiga ramukan ta tsotso tawadar. Shi ya sa bugun asali yake da alamar gefen faranti a lotse kewaye da hoton, kuma tawadar tana ɗan tasowa a kan takardar.

Ba duka masu tonon ne suka riƙe amana haka ba. A hoton saukar Cook a tsibirin Erromango, wanda J. K. Sherwin ya tona, an tsayar da mutanen tsibirin kamar gumakan Girka, jiki da tsayuwa duk na aro. Gwaninta tana nan, amma ni na fi girmama hoton Tanna, domin a can mutum nake gani, da adonsa da kallonsa, ko da yake ba a rubuta sunansa a ƙasan hoton ba.

Idan Allah ya sa irin wannan takarda ta shigo hannunka, kada ka yanke gefenta don ta shiga firam, kada kuma ka rataye ta inda rana ko danshi za su same ta. Daga tsummoki aka yi ta, kuma ta kusa cika shekara 250.