Dara Kafin Bayajidda: Godot Da Masu Ƙera Gem A Katsina

A watan Satumba na 2023 kamfanin Unity, wanda ake gina ɗimbin wasannin waya da manhajarsa, ya sanar da cewa zai riƙa karɓar har santi 20 na dala duk lokacin da aka sauke wasan da aka yi da kayansa, muddin cinikin wasan ya kai wani mataki. Ƙananan masu ƙera gem suka yi masa caa. Wata guda bayan nan shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka, a 2024 kuma aka soke tsarin ɗungurungum. Sai dai kafin a kai nan da yawa sun tattara nasu ya nasu sun koma Godot, ciki har da Mega Crit, masu Slay the Spire.

Godot aikin wasu 'yan Ajantina ne su biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, waɗanda suka saki lambobinta ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT. Kowa na iya saukewa, ya gyara, ya sayar da wasan da ya yi, ba mai tambayarsa ko sisi. Da ita aka yi Brotato da Dome Keeper, kuma duka sun yi kasuwa.

Gaskiya ko da ba a soke shi ba, wancan haraji na Unity ba zai taɓa ɗalibin Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ke koyo a ɗakinsa ba, don bai kai cinikin da ake magana ba. Abin da ya shafe shi daban ne. Godot ba ta da nauyi: fayil ɗaya ce da ba ta cin data sosai, tana tashi a tsohon laftof ɗin da aka saya na hannu, akwai ma wadda ke aiki a wayar Android. Yarenta na GDScript ya yi kama da Python. Ga wanda ke lissafin awannin da KEDCO za ta bar masa wuta, kuma dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inda ake yawan zamewa shi ne wajen zaɓen wasan farko. Matashin da ya tashi a gidan gem yana buga PES, ko yake kwana kan Free Fire, da ya zauna gaban kwamfuta sai ya ce shi Bayajidda zai yi, da macijiya da rijiyar Kusugu da dawakin hawan Sallah suna sukuwa a Ƙofar Soro. Buri ne mai kyau, amma aikin gayya ne. Kiro'o Games na Kamaru sun kwashe shekaru da tarin ma'aikata kafin su fitar da Aurion a 2016.

Ga dara kuwa a bakin kowace majalisa. Gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. Dokokin a kammale suke tun kaka da kakanni, zanen ba wuya, amma koya wa kwamfuta ta yi dabara har ta ba dattijon Ƙofar Marusa wahala darasi ne da ya fi na aji. In aka gama aka ɗora lambobin a GitHub, wani a Maraɗi zai iya sa dokokin garinsu, wani a Zariya ya ƙara wasa ta intanet. Ko fassara wasannin da ke buɗe, irin su Luanti da SuperTuxKart, zuwa Hausa hanya ce ta shiga sana'ar.

Kyautar manhaja dai ba ta sayar da wasa. Google Play na karɓar dala 25 kafin a buɗe asusu, Steam dala 100 kan kowane wasa, itch.io ne ba ya cajin komai a kan ɗorawa. Mai neman aikin albashi ma ya sani cewa Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, da Unity ya horar da matasa a shirinsa na GameUp Africa. Wanda ya iya Godot zai buƙaci ya leƙa Unity ma, sai dai zai je ne da wasa kammalalle a hannu, wanda kowa zai iya buɗe lambobinsa ya duba.