Majigin Ɗalibi: Tafiyar Wallace da Karensa Zuwa Wata

Duk wanda ya taɓa zama gaban majigi ya san hoton da a ke nunawa iri biyu ne. Akwai wanda a ke ɗaukar mutane masu rai suna tafiya suna magana. Akwai kuma wanda ba mai rai a cikinsa ko ɗaya, sai zane ko 'yan tsana waɗanda gwani ya sa su motsi. Wannan na biyu shi yara ke kira katun, manya kuwa da yawa sun ɗauke shi wasan yara. Amma wanda ya san yadda a ke yinsa ba zai raina shi ba, gama a cikin sana'ar silima duka da wuya a sami aikin da ya fi shi cin rai.

Majigin da za a duba a nan wani ɗalibi ne ya yi shi a Ingila, sunansa Nick Park. An haife shi a garin Preston cikin 1958. Sunan majigin da Turanci A Grand Day Out, watau yawon shan iska mai daɗi na yini guda. Ya fara shi cikin 1982, sa'ad da ya ke karatu a Makarantar Koyon Aikin Silima da Talabijin ta Ƙasa da ke Beaconsfield, kusa da Landan, don ya zama aikinsa na fita. Bai gama ba sai 1989. Tsawon majigin kuwa bai wuce kamar minti 23 ba.

Mai karatu zai yi mamaki, ya ce me zai sa abin da a ke kallo kafin tuwo ya nuna ya ci fiye da shekara 6? Amsar tana cikin yadda a ke aikin. Idon ɗan Adam ba ya ganin motsi a majigi sai an jera masa hotuna tsayayyu da sauri, a silima kuwa akan jera 24 cikin kowace daƙiƙa. Park ya gina mutanensa da Plasticine, wani irin yumɓu mai launi wanda ba ya bushewa. Sai ya tsai da ɗan tsana, ya ɗauki hoto, ya ɗaga masa hannu kamar faɗin ƙwayar gero, ya sāke ɗauka. In an yi lissafi, minti guda yana bukatar hoto 1,440, minti 23 kuwa sun haura 33,000. Ko da ya ke masu wannan sana'a sukan ɗauki tsayuwa guda sau biyu don su rage wahala, duk da haka abin da ya rage dubbai ne, kuma kowane ɗaya sai an taɓa da yatsa. In hannun riga ya ture kujera ɗaya a tsakiyar aiki, wahalar yini ta tafi a banza.

Labarin kansa gajere ne. Wallace wani mutum ne mai sanƙo, mai son ƙere-ƙere, ba abin da ya ke ƙauna kamar cuku. Yana zaune da karensa Gromit. Ran nan hutu ya zo, suna neman inda za su, sai Wallace ya tarar cuku ya ƙare a gida. To, Turawan Ingila suna da wata tsohuwar maganar raha, wai wata da cuku aka yi shi. Sai ya ɗauki maganar da gaske. Su biyu suka shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa da zarto da guduma, suka ƙera kumbo, suka shafa masa fenti, suka tashi. Da suka sauka a wata suka shimfiɗa mayafi, Wallace ya yanko ƙasar wurin ya ɗora a kan biskit yana ɗanɗanawa. Can suka gamu da wata na'ura mai siffar murhun girki na Turawa, mai ƙafar taya da hannu biyu, wadda ba ta motsi sai an jefa mata kuɗi. Ita ce mai gadin wurin. Ta tsinci wata mujalla a cikin kayansu, ta ga hoton masu sulɓi a kan ƙanƙara da dogayen katakai a ƙafa, sai sha'awar abin ta kama ta. Ta yi ƙoƙarin bin su duniya, ba ta samu ba, kumbo ya tashi ya bar ta da ɓallin ƙarfe biyu a hannu. Ta miƙar da su, ta ɗaura, ta yi ta sulɓinta a kan tuddan wata.

Abin da ya fi kyau a majigin nan shi ne karen, kuma rashi ne ya haife shi. Da fari Park ya yi niyyar Gromit ya yi magana. Da ya fara motsa shi sai ya ga gyaran baki a kowane hoto aiki ne mai yawa, kāna ya lura in ya danna goshin karen kaɗan, fuskar takan faɗi abin da ke zuciya. Saboda haka ya bar shi ba baki sam. A wurin da Wallace ya mai da bayan karen abin ɗora katako yana yanka da zarto, Gromit bai ce uffan ba, ya dai ɗaga gira ya dubi mai kallo, kowa kuwa ya gane cewa wannan bawan Allah ya daɗe yana haƙuri da maigidansa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Da an ba shi murya, da ya zama kare mai surutu irin na sauran katun, da kuma Bahaushe ko Bajapane bai fahimce shi ba sai da tafinta.

Haka kuma na'urar nan ta wata. Ba ta da fuska ko kaɗan, sai hannu biyu da aljihun tebur a ciki. Duk da haka mai kallo yana ganin fushinta sa'ad da ta liƙe ɓallin dutsen da Wallace ya yanke, ta kuma rubuta wa kumbo takardar tara kamar ɗan sandan hanya. Yana ganin baƙin cikinta sa'ad da aka bar ta. A nan ma akwai abin da aka yar. Park ya shirya majigin ya kai kamar minti 40, da halittu masu yawa a wata har da gidan sayar da abinci. Da ya ga in ya bi wannan shiri shekaru za su ƙare bai gama ba, sai ya zubar da su duka ya riƙe na'ura ɗaya. Wannan yankewa ita ce ta ba majigin ƙarshe mai taɓa zuciya, domin mai kallo ba zai iya tausayin taro ba kamar yadda zai tausaya wa guda ɗaya da aka bari a baya.

Amma fa ba a ce aikin ba shi da aibi ba. Na farko, labarin ya rabu biyu, ɗinkin kuwa yana bayyane. Rabin farko, wajen ƙera kumbo, yana tafe da sauri da ban dariya iri iri: ga Gromit ya kama na'urar huda katako ta maƙale, shi ya shiga juyawa maimakon ita, ga Wallace ya kunna lagwani sa'an nan ya tuna ya mance biskit, ya ruga ɗaukowa, ga ɓeraye sun sa tabarau suna kallon tashin kumbo. Da aka isa wata sai tafiyar ta yi sanyi. Na biyu, a rabin ƙarshe an mance da karen, ya koma ɗan rakiya, alhali shi ne mai hankalin gidan. Na uku, Wallace bai taɓa sanin abin da na'urar ke so ba, saboda haka ba wata gwagwarmaya ta gaske tsakaninsu, kowa yana harkarsa ne dabam. Har wa yau siffar 'yan tsanan ba ta zauna sosai ba, ana ganin hannun mai koyo a wurare. Wanda ya kalli majigin da Park ya yi bayan wannan, The Wrong Trousers na 1993, inda wani tsuntsu ɓarawo ya shigo gidan ya raba kare da maigidansa, zai ga bambancin ɗalibi da wanda ya ƙware.

Akwai wani abu da waɗansu za su lissafa cikin aibi, amma ba aibi ba ne. In an duba da kyau ana ganin sawun yatsun Park a jikin yumɓun. Bai goge su ba. Su ne ke tuna wa mai kallo cewa hannun mutum ne ya yi wannan, kamar yadda tukunyar ginin hannu ta ke da wani daɗin kallo wanda kwanon kanti ba shi da shi.

Saura maganar yadda majigin ya kai ga jama'a, gama kyawun kaya ba ya kai su kasuwa, sai an ɗauka. Akan ce Park shi kaɗai ya yi aikinsa. Wannan magana rabinta ne gaskiya. Shi ya motsa 'yan tsanan, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makarantarsa ta ba shi ɗaki da na'urar ɗaukar hoto da kuɗin aiki, ta kuma yi haƙuri da shi bayan lokacin karatunsa ya wuce. Ya rubuta wa kamfanin da ke yin yumɓun takarda, ya sami mai yawa. Ya rubuta wa Peter Sallis, wani dattijon ɗan wasa da mutanen Ingila suka sani a talabijin, ya roƙe shi ya zama muryar Wallace, Sallis ya yarda a kan fam 50 kacal. Yadda dattijon nan ke jan kalmomi shi ya sa Park ya faɗaɗa bakin Wallace har ya zama alamarsa. Kiɗan kuwa wani abokin karatunsa ne ya tsara, Julian Nott. Cikin 1985 kuma Peter Lord da David Sproxton, masu kamfanin Aardman a birnin Bristol, suka ɗauke shi aiki, suka bar shi yana ci gaba da majiginsa a wurinsu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo ne domin ɗalibin ya yi ƙarfin hali ya tambaya, kuma yana da abin nunawa a hannu.

Da aka gama, ba a yi shela da ganga ba. An fara nuna shi a wani bikin majigin katun a Bristol cikin Nuwamba 1989, gaban waɗanda suka san wahalar sana'ar. Cikin 1990 ƙungiyar masu aikin silima da talabijin ta Ingila, wadda a ke kira BAFTA, ta ba shi kyautar gajeren katun da ya fi kyau. Ran 24 ga Disamba na shekarar, watau jajiberen Kirsimeti, lokacin da iyali ke taruwa a gida, tashar Channel 4 ta nuna shi ga ƙasa duka. Cikin 1991 aka sa shi takarar kyautar Oska a Amurka. Bai ci ba, amma wanda ya kā da shi wani gajeren majigi ne mai suna Creature Comforts, shi ma Park ne ya yi shi. Mai lura zai ga matakan a jere su ke: masana tukuna, sa'an nan alƙalai, kāna jama'a. Kowane mataki shi ya buɗe ƙofar na gaba, ba kuwa wanda zai buɗu da majigin yana nan rabi a cikin akwati.

Yau zamani ya sauya. Ɗalibi yana iya yin katun da kwamfuta, ko da wayar hannu, ya sa shi a intanet cikin dare ɗaya. Wannan sauƙi ne babba, amma yana tafe da tarko biyu. Ɗaya, mai aiki yakan shagala da tallar abin da bai gama ba, yana baza guntaye yana ƙidayar masu yabo, har ƙarfin da zai ƙarasa da shi ya tafi. Ɗaya kuma, waɗansu bukukuwan majigi ba su karɓar abin da aka riga aka baza a intanet, saboda haka mai gaggawa yakan rufe wa kansa ƙofar da ta fi amfani. Ba kuma za a ce kowane ɗalibi ya shekara 6 a kan aikin fita ba. Makarantu kaɗan ne za su jira haka, Park ma da bai rage shirinsa ba da bai kai gaci ba. Abin koyi a wurinsa shi ne ya auna ƙarfinsa, ko da ya ke a makare ya auna, ya yar da abin da ba zai iya ɗauka ba.

Hukuncin da ya dace da wannan majigi ke nan: aikin mai koyo ne, labarinsa yana ɗingishi a tsakiya, amma mutum da karen da ya haifa suna da rai. Peter Sallis ya ci gaba da zama muryar Wallace shekaru da yawa, ya rasu cikin 2017. Majigai biyu da suka biyo baya, na 1993 da na 1995, kowanne ya ci Oska, haka kuma dogon da aka yi cikin 2005. Dukansu sun fi na farko tsari, amma ba wanda zai kasance da ɗalibin bai ƙarasa na farkon ba. Wanda ya sami dama ya kalle shi sau biyu: na farko don dariya, na biyu ya zuba ido a kan goshin karen, ya tuna kowace ɗagawar gira da yatsa aka yi ta, hoto bayan hoto.