Kurmin Zaitun Cikin Kakin Zuma: Nazari a Kan Zanen Brice Marden

A wannan ɗan nazari zan duba jerin zanen da Ba'amurke Brice Marden (1938–2023) ya yi tsakanin 1972 da 1976, waɗanda ya kira Grove Group, wato rukunin kurmi. Ya yi su ne bayan ya fara zuwa tsibirin Hydra na ƙasar Girka a 1971, inda kurmin zaitun ya ɗauki hankalinsa.

Haɗa launi da kakin zuma tsohuwar sana'a ce. Da ita aka zana yawancin fuskokin mamata na Fayum a Masar zamanin mulkin Rumawa. Shi Marden yakan narka kakin, ya gauraya da fentin mai, ya shafa a kan ƙyalle, sannan ya daidaita da wuƙa, shafi bisa shafi.

Zanen farko na jerin, wanda ke gidan MoMA a New York, tsayinsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 9. Babu itace a cikinsa, babu reshe, babu ganye. Launi ɗaya ne kurum, tsakanin kore da toka-toka da shuɗi. To, da wace hujja za a kira wannan kurmi?

A ganina hujjar tana cikin kakin. Ganyen zaitun kore ne ta sama, fari-fari ta ƙasa, don haka idan iska ta kaɗa, launin kurmin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shi kuwa kaki ba ya ƙyalli kamar fentin mai zalla. Yakan shanye haske, sai launin ya riƙa sauyawa gwargwadon inda mai kallo ya tsaya. Ashe ba siffar itacen Marden ya kama ba, haskensa ya kama.

Sai dai aikin yana da rauni biyu. Na farko, in aka cire sunan, da wuya mai kallo ya tuna da kurmi, alhali bai kamata suna ya ɗauki nauyin da zane ya kasa ɗauka ba. Na biyu, kaki ba ya jure taɓi, ƙarzane kaɗan ya ɓata shi. Wannan ne ya sa Marden ya daina amfani da shi wajen 1981.

Duk da haka, ina ganin aikin ya ci sunansa, amma ga mai haƙurin tsayawa gabansa kaɗai. Wanda ya gan shi a hoton littafi, bango mai fenti kawai ya gani.