Hasashen Masu Kallo a Matsayin Tarke: Waiwaye a Kan Voltron

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wani nau'in sharhi da manazarta adabin Hausa suka daɗe suna rainawa, wato muhawarar da masu kallo kan tafka bayan an rufe shiri. An ɗauki misali daga Voltron, ƙagaggen labarin kimiyya cikin zane mai motsi, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1984, daga baya ya iso talabijin ɗin Nijeriya. A unguwanni irin su Bagadaza, tun Gombe tana cikin Jihar Bauchi, gidan da ke da akwatin talabijin shi ne dandalin yara, musu kuwa a ƙofar gida ake ƙarasa shi.

2.0 Shin Sven Ya Mutu?

Labarin ya ginu ne a kan zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙaton mutum-mutumi guda, don kare duniyar Arus daga Sarki Zarkon. Yaran Hausawa ba su sha wahalar fahimtarsa ba, domin sun aza shi a kan ma'aunin tatsuniya: Haggar mayya ce, halittun da take turowa dodanni ne.

Inda ake raba gari shi ne batun Sven, matuƙin shuɗin zaki. Masu jin Turanci suka ce an faɗa ƙarara cewa rauni ya ji, aka kai shi jinya wata duniya. Waɗanda ba su ji kuwa suka kafe a kan cewa mutuwa ya yi, hujjarsu ita ce yadda ya faɗi, da irin jimamin da ke fuskokin abokansa. Aka riƙa yi musu dariya.

Ashe su ne da gaskiya. Voltron sarrafaffen shiri ne daga Beast King GoLion, wanda kamfanin Toei na Japan ya fitar a 1981, kuma a can tauraron ya mutu. Kamfanin World Events Productions ne ya sauya kalaman, don kada a nuna wa yaran Amurka mutuwa. Hatta Sven ɗin da ya sake ɓullowa daga baya, a asali ƙanensa ne. Ke nan hoto na faɗin magana ɗaya, baki na faɗin wata. Wanda bai ji harshen ba ya tsira daga ruɗin mai fassara.

A ganinmu wannan tarke ne sosai, tunda an kafa hujja daga cikin matani. Sai dai ma'aunin tatsuniya yana da nasa aibi. Da zarar an kira baƙon wata duniya aljani, to an rufe ƙofar tambayar yadda jirginsa ke tashi, alhali kuwa tun 1969 Umaru Dembo ya nuna a Tauraruwa Mai Wutsiya cewa Hausa na iya ɗaukar labarin tafiya sararin samaniya.